An Bar Soumaïla a Gaba

Abokina Soumaïla ya rasu a watan Fabrairun da ya wuce. Tun ba a yi sadakar arba'in ba na fara jin ana ce masa "wancan ɗan Nijar ɗin mai keke", kamar ba shi da suna. Shi ya sa na zauna in faɗi yadda na san shi.

Sunana Yahya, daga Zariya na zo. Mun haɗu da Soumaïla a wani babban sito na kujeru da gadaje a hanyar High Point, lokacin ina sabon zuwa garin Greensboro na Amurka. Ranar da na fara aiki aka haɗa mu ɗaukar wata doguwar kujera, mu haura da ita cikin tirela. Sai ya zagaya ya kama gefen ƙasa, inda duk nauyin yake taruwa. Na yi ƙoƙarin ce masa mu yi canji da guntun Turancina. Ya dube ni, ya ce da Hausa, "Bari dai, ɗan Najeriya. Ku baki gare ku, ba ku da baya." Na kusa sakin kujerar don dariya. Daga ranar ba mu rabu ba.

Mutumin Maraɗi ne. Mahaifinsa mai facin keke ne a bakin kasuwa, shi kuma tun yana ƙarami yake kai buhunan albasa ƙauyuka a kan keke. A nan wani mai horar da 'yan tsere ya gan shi yana taka feda cikin yashi da kaya a baya, ya ɗauke shi. Ya sa rigar Nijar, ya yi tsere a gida, ya yi a Burkina, ya yi a Mali. Da ya ba ni labarin, muna shan shayi a garejin gidansa, na tambaye shi kofi nawa ya ci.

Ya ce, "Ko ɗaya."

"To me ka je yi har Burkina?"

"Tare iska."

Ya ga ban gane ba, sai ya jera kofunan shayi a kan benci, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a tseren keke ba tudu ne yake kashe mutum ba, iska ce. Wanda ke gaba shi yake fasa ta da ƙirjinsa. Na bayansa yana maƙale da tayarsa, yana hutawa, kamar mai tafiya a jikin katanga ana ruwa. Saboda haka kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da take so ya ci, shi ake ɓoyewa a baya. Sauran su yi ta karɓa-karɓa a gaba. Wanda ya gaji sai ya kaɗa gwiwar hannunsa, na baya ya gane, ya zo ya karɓe shi. Idan an kusa ƙarshe sai duk su kauce, wanda aka ɓoye ya fito da ƙarfinsa cur.

Ya ce, "A wurinmu liman ne a gaba, maigida ne a gaba, ko mota aka shiga babba ake ba gaba. A keke kuwa, gaba wurin bawa ne. Ni ban taɓa zama a wani wuri ba sai can."

Ya faɗi haka yana murmushi, ni ma na yi dariya, na ɗauka wasa ne.

Tseren namu na nan garin a wurin wani suna aka haife shi, a wani gida a gabashin Greensboro. Mu 'yan Najeriya muna ta cika baki kan ƙwallo, mun hana 'yan Nijar sakat. Alhaji Tanimoune, dattijon 'yan Nijar, mai kantin kayan abincin gida, ya gaji da mu. Ya ajiye cokali ya ce, "Ƙwallo ai kowa ya iya bin ta da gudu. In kun isa, a hau keke." Shekari, wani nas ɗan Kafanchan wanda ba a taɓa ƙalubalantarsa ya yi shiru ba, ya miƙe ya ce mun yarda. Aka sa ranar Asabar a watan Satumba, tsakanin bikin 'yancin Nijar da na Najeriya, don kada a ce an yi son kai. Hanya kuwa waɗannan ƙananan titunan ne na bayan Pleasant Garden, masu hawa da sauka tsakanin gonaki, inda mota ba ta da yawa da safe. Ƙasar da ta sha kaye ita ke ciyar da jama'a.

Babu mai keken kirki a cikinmu. Soumaïla ne ya riƙa zagaya unguwar Irving Park ranakun da masu manyan gidaje ke fito da tsofaffin kayansu bakin ƙofa suna sayarwa. Ya kwaso kekunan da aka gaji da su, ya kwance, ya wanke, ya ɗaura. Na 'yan Nijar da na 'yan Najeriya duk a garejinsa ake gyarawa. Matarsa Ramlatou takan leƙo ta ce, "Kai dai ban san irinka ba. Kana gyara wa mutanen da za su je su kayar da ku."

Yakan ce, "Idan sarƙarsu ta tsinke, wa muka kayar?"

Ranar tsere kuwa baki ba ya hutawa. Nanven, wani dogon saurayi ɗan Langtang da ke hawa wa Najeriya, yakan ce wa 'yan Nijar, "Ku zuba albasa a aljihu, in kun sha kaye hawaye ba zai yi muku wuya ba." Su kuma su ce, "Ku dai ku yi addu'a kada a ɗauke muku wuta a tsakiyar hanya." Ni ban iya tsere ba, gwiwata ba ta bari. Aikina shi ne in bi su a baya da mota, da ruwa da tayoyi.

Shekara da shekaru Nijar ce ke ci, kuma kowa ya san dalili. Samarinsu ba sa samun lokacin atisaye, wannan yana aikin dare, wancan yana tuƙin tirela, don haka ba su taɓa koyon karɓa-karɓa sosai ba. Soumaïla ne yake shiga gaba tun daga farko, shi kaɗai, su bi shi a jere. Daf da shi akwai Laouali, wani matashi mai ƙafa, wanda Alhaji Tanimoune ya kawo Amurka, yake kuma aiki a kantinsa. A gindin tudun ƙarshe Soumaïla ya kauce, Laouali ya fita kamar an harba shi. Sai an gama tafi, an ɗauki hotuna, sannan za ka hango Soumaïla yana tahowa a hankali, na ƙarshe, rigarsa ta yi fari da gishirin gumi.

Da mutanenmu suka gaji da dafa shinkafa kowace shekara, Shekari ya je garejin ya ce a koya musu. Soumaïla bai ɓoye masa komai ba. Har ya ce masa, "Kuma idan abokin hamayya ya yarda ya sha iska, kada ka hana shi. Zauna a bayansa ka huta."

A bazarar bara ne numfashi ya fara yi masa wuya. Ni na kai shi asibiti. Da ya fito bai shiga mota nan da nan ba, ya tsaya yana kallon ƙasa. Bayan mun zauna ya ce likita ta ce zuciyarsa ta kumbura, ta yi rauni. Tafiya a hankali ba laifi, amma tsere ya ƙare.

Na ce, "To ai shi ke nan. Ka yi naka, ka bar wa yara."

Rana ta cika motar, ban ma tuna na kunna sanyi ba.

Ya ce, "Yahya, ban taɓa ganin layin ƙarshe babu bayan wani a gabana ba. Tun ina saurayi nake kai mutane bakin wurin in kauce. Sau ɗaya nake so. In yaran nan suka tare mini iska har gindin tudu, na san abin da ya rage a ƙafata. Zai isa. Daga nan in rataye keken."

Na ce likita fa. Ya ce mutumin da aka ɓoye a baya ba ya wahala, da kamar yawo ne, sai ɗan wurin ƙarshe. Na ce to ya faɗa wa Laouali.

Ya kama baki. "In buɗe baki in ce wa yaran da na haifi kamarsu su wahala domina? Da wane ido?"

Na ce ni zan faɗa. Ya ce ɗan Najeriya ba ya tsara wa Nijar tsere, kuma kada in kuskura in gaya wa kowa maganar zuciyar, domin za a hana shi hawa. Haka Soumaïla yake. Zai ba ka rigar jikinsa, amma ko ruwa bai iya roƙa ba.

Ramlatou kaɗai ya gaya wa bayan ni. Ta yi kuka, ta yi faɗa, daga baya ta ga idan bai yi ba abin zai fi cin sa. Sai ta bi hanyar da ta sani. Ta je wurin Hajiya Hamsatou, matar Alhaji Tanimoune, ta ce maigidanta ya kusa daina hawa, yana so bana a kai shi gaba. Hajiya ta gaya wa Alhaji. Soumaïla ya ji an ce Alhaji ya yi na'am, ya ce a bar masa komai. Makonnin nan ban taɓa ganin abokina da fara'a haka ba. Ya sake wa kekensa taya, ya rage cin tuwo, yana ta yi mini gori cewa in shirya tukunya.

Ranar tseren muka wayi gari da iska. Wata guguwar teku ta wuce ta gabar jiharmu, ta bar mana wutsiyarta, itatuwa sai sunkuyawa suke yi. Jama'a sun taru a filin ajiye motoci inda ake tashi. Alhaji Tanimoune ya zo da babbar riga, iska tana ta kaɗa ta, ya tara 'yan Nijar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bana ta Soumaïla ce. Mutumin nan ya yi mana hidima, yau za mu girmama shi. Shi ne a gaba daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya sa tayarsa a gaban tasa bai ɗauke ni uba ba. Laouali, da kai nake."

Aka ɗauki tafi, mata suka yi guɗa. Laouali ya ce, "Baba Alhaji, amma iskar nan..."

"Na gama magana."

Na dubi Soumaïla. Yana riƙe da kan kekensa, idonsa a ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Na gode, Alhaji."

Na kutsa na isa wurin Alhaji, na rage murya na ce, "Alhaji, ba haka ake yi ba. Wanda ake so ya ci, baya ake sa shi."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Ku ji mini ɗan Najeriya! Mu tura dattijonmu baya don ku ji daɗi? Tsoro ya kama ku tun ba a tashi ba. Je ka ja motarka, Malam Yahya."

Na juya wurin Soumaïla, ya girgiza mini kai kaɗan. Dattijo ya karrama shi a bainar jama'a, ba zai tsaya ya gyara masa magana ba. Aka busa usur.

Ramlatou ta shiga motata, ta zauna a gaba, 'yarsu Dalila, wadda ke jami'a, ta zauna a baya. Muka bi su. Da farko ba laifi, itatuwa sun kare hanya. Da muka fita fili tsakanin gonaki, iska ta same su gaba da gaba. Ina ganin rigar Soumaïla ta manne a ƙirjinsa, bayanta ya kumbura kamar buhu. 'Yan Nijar na jere a bayansa. Mutanenmu kuma sun laɓe a bayan 'yan Nijar, suna hutawa abinsu, kamar yadda ya koya musu. Ba su san komai game da zuciyarsa ba.

Can na ga ya kaɗa gwiwar hannu.

Ba wanda ya motsa. Laouali ya sunkuyar da kai, yana kallon tayarsa.

Aka ƙara tafiya, ya sake kaɗawa. Ya ɗan kauce gefe don ya ba da hanya, sai dukan layin ya kauce tare da shi. Na sauke gilashi na yi ta ihu, "Laouali, karɓe shi! Ku karɓe shi mana!" Iska ta kwashe muryar. Ko sun ji ma, Alhaji na biye da mu a tasa motar.

Ramlatou ta ce, "Malam Yahya, me yake yi da hannunsa?"

Na ce, "Yana roƙo a shiga gabansa."

"Ba gaban yake so ba?"

Ta dube ni, ta dubi hanya, sai ta sa gefen mayafinta a baki ta cije. Ta ce, "A kai shi na ce. Wallahi a kai shi na ce, ban ce a bar shi ba."

Bayan haka bai ƙara kaɗa hannu ba. Ya kwantar da kai a kan keken ya ci gaba da takawa, kuma wallahi ya ja su. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya kai su har gindin tudun ƙarshe, wurin da ya saba kaucewa. A nan Shekari ya yi kira, mutanenmu suka fito daga baya, suka wuce ta gefe da Nanven a tsakiyarsu. Soumaïla ya miƙe tsaye a kan feda zai bi su. Ya taka sau biyu ko uku, ya koma ya zauna.

Keken ya fara tangaɗi. Gudun ya ragu har ya zama kamar tafiyar ƙafa. Samari ƙarfafa, waɗanda ko gumin kirki ba su yi ba, suna bayansa suna matsa birki don kada su wuce shi. A tsakiyar tudun ya sauke ƙafa ƙasa. Su ma duk suka sauke.

Na tsayar da mota na ruga. Leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi da ƙara. Na ce ya shiga mota. Ya nuna samarin da ke bayansa da kai, ya ce, "In na shiga, su nan za su kwana." Ya sha ruwa, ya sake hawa. Haka ya haura da su, a hankali, har layin. Nanven ya riga ya sha ruwa ya huce.

Alhaji Tanimoune ya rungume shi. "Ka ga girman da muka yi maka? Kofi ya tafi, ya daɗe bai tafi ba. Yau kowa ya ga wane ne babba."

Soumaïla ya ce, "Na gani, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Dalila ce kaɗai ta yi magana. Ta tambaya da Turanci, da ƙarfi, me ya sa babu wanda ya taimaki babanta. Uwarta ta ja hannunta ta ce ta yi shiru, manya na wurin. Laouali ya jingine kekensa a jikin itace ya tafi, ko abincin bai tsaya ci ba.

Da yamma muka koma asibiti, aka kwantar da shi. Ya fito, amma bai ƙara zama Soumaïlan da na sani ba. Aikin sito ya gagara. Daga ɗaki zuwa gareji sai ya huta a hanya.

A asibitin ne Shekari ya ji gaskiyar magana. Ya zo gidan da Nanven, suka zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Shekari ya ce, "Baba Soumaïla, da mun sani, da ba haka aka yi ba. Baɗi mu za mu ɗauke ka. Sa rigar Nijar ɗinka, ba ruwanmu. Ka dai maƙale a bayanmu, mu sauke ka a bakin layi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗan Nijar ya ci tsere da aron bayan 'yan Najeriya? Ai har jikokina sai kun yi musu gori."

"Za mu yi kuwa," in ji Nanven. "Amma ka ci tukuna."

Da suka tafi ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Yaron nan Nanven yana da faɗin kafaɗa. Mutum zai ɓuya a bayansa sosai." Washegari ya ce in raka shi ya taka zuwa bakin titi. Muka yi haka 'yan kwanaki, yana dafe da hannuna, kullum yana so a ƙara gida ɗaya. Da sanyi ya shigo ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Ya daina maganar bakin titi. Ni ma ban ƙara tayar da ita ba. Nakan je bayan na tashi aiki in zauna kusa da shi.

Ya cika wata ranar Talata bayan azahar, Ramlatou na riƙe da kansa. Ina hanya lokacin, ban same shi ba.

A wurin zaman makoki falon ya cika, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, har da su Shekari da mutanen cocinsu. Alhaji Tanimoune ya yi magana yana share hawaye, kuma hawayen gaskiya ne, domin yana ƙaunarsa. Ya ce abin da ke sanyaya masa rai shi ne Allah ya ba su iko sun cika wa marigayi burinsa tun yana da rai. Ya roƙa masa gafara da rahama.

Na dubi Shekari, ya kawar da kai. Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, muka shafa.